Rigar da Ba a Wanke Ba

Kwanan baya wasu samari suka jera baburansu a ƙofar gidana da ke Garo, kowanne sanye da 'yar falmaran mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi. Suka ce su 'yan sa kai ne, sun kafa ƙungiyar neman yaran da suka ɓata, daga nan Kabo har Gwarzo. Na ce madalla, Allah ya ba da lada. Sai babbansu, wanda suke kira Kwamanda, ya jawo wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu da suka sayo a Kano, harshe a waje, yana haki kamar zai shiɗe. Wai irin na Turai ne, wai irinsa suke gani a waya yana gano mutum ko gini ya danne shi. Abin da suke so a wurina kaɗan ne, in ji shi: in nuna musu riƙon igiya, zuwa la'asar su wuce.

"Zuwa la'asar?" na tambaya.

"Ai Baba, abin ba wuya. A shinshina masa riga, ya bi, mu bi shi. Ka kuma san karen bana shi ke maganin zomon bana."

Na dubi karen bana. Ya samu inuwar darbejiya ya baje, kaza ta bi ta kan wutsiyarsa ko kunne bai kaɗa ba. Na sa aka shimfiɗa musu tabarma, na ce su zauna, tunda la'asar da saura. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don duk saurayin da yake yi wa sana'ar nan kallon wasan yara.

Sunana Sale. Amma in ka shiga kasuwar Gwarzo ka ce Sale, ba wanda zai gane. Sai ka ce Sale mai karnuka, nan take za a nuna maka hanya, wani ma da leɓe zai nuna. A hannun kawuna Bawa na tashi, mafarauci ne. Lokacin da daji ya ƙare, gonaki suka cinye shi, zomo ya zama labari, abin da ya rage wa karnukan Kawu shi ne bin sawun akuyar da ta ɓata, sai kuma ɗan mutum. Ku da kuke son igiya zuwa la'asar, ni sai da na yi shekaru a gidan nan ban taɓa ta ba. Aikina ɗebo ruwa, dafa dusa da ƙanzo, cire kaska daga kunnen kare, kwashe kashi. Ranar da na yi ƙorafi, Kawu ya ce, "Wanda yake ƙyamar bakin kare ba zai iya karanta wutsiyarsa ba. Koma ka cire kaska." Na koma.

Ɗan kwikwiyo na farko da ya bar ni na zaɓa, na ɗauko wanda ya fi ƙiba, mai ture 'yan uwansa a kan abinci. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya nuna mini wani siriri da ya tsaya a baya, hancinsa a ƙasa, yana bin inda ƙwaryar abincin ta biyo. Ya ce wancan ci ya sani, wannan tambaya yake yi. Daga nan ake farawa. Ka ɓoye yaron gida a bayan rumbu, ka ba kwikwiyo hularsa ya shinshina, in ya gano shi ka ba shi ƙuli-ƙuli. Gobe ka nisanta. Jibi ka bar sawun ya huce. Gata ka sa wasu yara su gitta a kai. Sannan ka raba shi da son zomo, wanda ya fi komai wuya, don karen da zai bar sawun yaro ya bi zomo, gara ka bar shi a gida yana gadin kaji. Duk wannan kafin ranar buƙata ake yi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada wani ya ce muku kare ba ya yaudara. Yana yi, don yana son ya faranta maka. Sawu zai ɓace masa, ya ci gaba da tafiya gadan-gadan kamar ya san inda za shi, kai kuma kana biye kana haki har ku ɓulla wani gari. A wutsiya ake ganewa, da yadda yake ɗaukar kai, da irin jan da yake wa igiya. Wannan ba a waya yake ba, kuma ba na iya faɗa muku da baki. Sai hannu ya saba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Doguwar igiyar rama, wadda za ta ba kare sarari. 'Yar ƙararrawa a wuyansa, don in ya shige dawa ka san inda yake. Goran ruwa, nasa ne kafin naka, don hancin da ya bushe ba ya aiki. Kwano mai murfi da ba a taɓa zuba miya a ciki ba, nan ake sa rigar yaro. Kara biyu na ɗaukar rigar, don in ka sa hannu ka ɗauka, kai kare zai gano, ga ka kuwa a tsaye. Sai toka a ƙullin tsumma, ka kaɗa ka ga inda iska ta dosa. Ba a zuwa da turare a jiki, ba a zuwa da warin taba ko na fetur. Da na faɗi haka na dubi samarin nan, kowannensu ƙamshi yake kamar ango.

Masu kiranmu kuwa, Allah ya shirya. Ba wanda yake fara tunawa da mai kare. In yaro ya ɓata, a fara cigiya a lasifikar masallaci, wannan daidai ne. Sai a watsa hotonsa a waya. Sai a tafi wurin mai duba, ya zana ƙasa ya ce an yi gabas da shi. Sai gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, a tattake ko'ina, a bi gabas a bi yamma. In rana ta gama ƙone sawun, ƙafafu sun gama murje shi, sannan wani tsoho ya ce, "Af, ba a kira Sale ba?" Ni bayan boka ake kirana. In na zo kuma a tsaya nesa-nesa, ana miƙo gaisuwa da baki, hannu yana aljihu.

Akwai wani Alhaji a Lakwaya da ɗansa ya ɓata tun safe. Kafin in iso, samari sun kai har tashar motar Gwarzo suna leƙa motoci. Na ba kare takalmin yaron, ya zaga gidan ta waje, ya dawo ƙofar zaure ya zauna yana kuka ƙasa-ƙasa. Na sake zagawa da shi, ya sake dawowa. Na ce, "Alhaji, yaron nan bai fita ba."

"Mun duba ko'ina. Kuma kare ba zai taka mini zaure ba, nan nake salla."

"To Alhaji, sai ka zaɓa. Zaure dai ana wanke shi."

Sai da kukan uwar yaron ya ishe shi sannan ya kauce. Kare ya wuce kai tsaye ɗakin ajiya, ya cusa kai tsakanin buhunan gyaɗa. Ga malam yana barci, baki duk sukari, gwangwanin a rungume. Ba mu kai ga fita ba aka fara watsa ruwa a bayanmu ana shara, har ya fantsamo mini a dunduniya. Malamai sun sha faɗa cewa karen farauta da na gadi ba laifi ba ne, amma ka je ka gaya wa Alhaji.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta mahaukacin kare. Wani kare ya haukace a yankin nan ya ciji mutane, abin ba daɗi, ban musa ba. Amma daga nan sai kowa ya zama jarumi. Samari irinku, da gora da duwatsu, duk kare da suka gani sai sun ga bayansa, mai lafiya da marar lafiya. Nawa a ɗaure suke, an yi musu allura, amma aka jefo musu nama mai guba ta kan katanga. Na wayi gari na tarar da su a miƙe, aikin shekaru. 'Yar kwikwiya ɗaya ta tsira, don tana ɗaki tana jinyar ƙafa. Raina ya ɓaci ɓacin da har yau bai gama gyaruwa ba. A daminar shekarar wani yaro ya ɓata a wani ƙauye kusa da Gwarzo, aka zo kirana, na buɗe musu ƙofa na nuna musu turakun da ba komai. Taro ya yi taro, aka bi daji aka bi kasuwanni, taron tsintsiya ba shara. Daga baya a kududdufin bayan gidansu aka same shi. Ban ce da karnukana suna nan da an same shi da rai ba, Allah ne masani. Na dai san da an fara duba kusa. 'Yar kwikwiyar nan da ta rage na sa mata suna Ƙyale-su, kuma kowa a garin ya san da wa nake.

Da ita na yi aikin Masanawa, wanda saboda shi na zaunar da ku.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, wake ya rufe ƙasa a tsakaninta. A gefen gari akwai wani gida na mutanen da kakanninsu makiyaya ne, yanzu sun zauna suna noma, da 'yan shanunsu a bayan danga. 'Yarsu Zulai, ba ta wuce shekara huɗu zuwa biyar ba, ta bi wani ɗan akuya da hantsi, ba a sake ganinta ba. Kamar kullum, sai bayan azahar aka aiko mini. Tun daga nesa na jiyo abin da na tsana: babura suna ruri suna zaga gonaki, ana buga gwangwani, ana busa usur, ƙarti suna kutsawa cikin dawa da sanduna suna kwarara ihu, "Zulai! Zulai!" Uban yarinyar ma yana cikinsu. Na ɗaga kai na dubi gabas, hadari ya fara haɗowa. Gonakin wurin kuwa gangare suke yi zuwa wani kwari, wanda in aka yi ruwa mai ƙarfi yake cika nan da nan. Ruwa in ya sauko zai wanke sawu, kuma in yarinyar tana ƙasa-ƙasa, ba sawun kaɗai zai ɗauka ba.

Kakar yarinyar ta wajen uba, Goggo Dije, ita ce mai magana a gidan. Ta fito ƙofar danga, ta tsaya inda kare ba zai kai gare ta ba. Muka gaisa a gurguje, na yi mata jaje, na ce a ba ni rigar yarinya. Ta shiga ta daɗe, sai ga ta da rigar Salla a ninke a kan faifai, mai ɗinkin zare a wuya, tana tashin kafur da turaren wuta.

"Goggo, in na ba karyar nan wannan, akwatinki za ta gano miki. Wadda ta kwana da ita jiya nake so. Ko zanen da ta rufa, ko tabarmar."

"An wanke."

"Duka?"

Ta nuna mini da haɓa. Ga su can a kan igiyar shanya, riguna da zannuwa har da tabarmar, suna ɗigar ruwa. Ashe da aka ce za a kira mai kare, ita ta sa mata suka wanke komai da sabulu, don yarinyar tana fitsarin kwance.

"Mu a gidan nan ba a fitar wa baƙo da ƙazanta," in ji ta.

"Haba Goggo! Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ƙazantar nan ita na zo nema. Ina uwar yarinyar?"

Ta dube ni kamar na yi ashar. "Ina ruwanta? 'Yar fari ce."

Kun san al'adar, ko da yake ku 'yan zamani kun fara mantawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. A gidajen da suka fito daga ruga abin ya fi tsanani. Ko ɗan ya faɗi a gabanta, sai dai wata ta ɗaga shi. Don haka duk gari yana ihu, ita uwar, Ramatu, tana tsakar gida tana daka. Ban ganta ba, sautin na ji. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san ƙarar taɓarya a turmin da yake da hatsi, ya san ta wanda ba komai a ciki. Wannan turmin ba komai a cikinsa.

Na ja Ƙyale-su muka zaga bayan danga, ko Allah zai sa in ga ɗan sawun da ba a taka ba. Ina duƙe ina duba ƙasa sai na ji daka ta tsaya. Can wata murya ta fito ta tsakanin karan danga, a hankali kamar mai tsoron iska ta ji.

"Baba mai kare."

Hannu ya ɓullo, riƙe da wata 'yar riga a cukuikuye, ta yi dauɗa, tana zarni. Da ana tattara kayan wanki ta fizge ta ta cusa a cikin zaninta, tun lokacin tana ɗaure a cikinta. Na sa kara na karɓa, har ta karan ina jin kamar da ɗuminta. Amma akwai matsala, kuma a nan ne mai cewa a shinshina a bi zai sha kunya. Rigar ta daɗe a jikin uwar, warin mutum biyu ne a kanta. In na ba kare haka, tsallaka danga za ta yi ta tsaya gaban Ramatu tana kaɗa wutsiya.

"'Yata," na ce, "sai kin bar hannunki a nan ta shinshina, ta san ke kina nan, ba ke ake nema ba. Hancinta zai taɓa ki."

Hannun bai koma ba. Ƙyale-su ta sa ɗanyen hancinta a tafin, ta bi yatsu ɗaya-ɗaya. Ko motsi matar nan ba ta yi ba. Sai ta sake magana.

"Baba, yarinyar ba za ta amsa musu ba. Ni na hana ta. Da ake ta labarin masu zuwa a kan babura daga yamma, na ce mata duk ranar da ta ji babura da ihun maza, ta shige dawa ta kwanta. Na ce ko sunanta ta ji ana kira kada ta motsa, sai sun tafi."

"Kin gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa? Da wane bakin?"

Na miƙe, raina yana tafasa. Wato tun hantsi jaruman nan, da usur ɗinsu da gwangwaninsu, su ne suke danne yarinyar a ƙasa. Na nufi mai unguwa na gaya masa, ban ce daga wa na ji ba. Aka tara samarin da ƙyar. Wani mai usur a wuya ya ce, "Baba, mu tun safe muke wahala, yanzu ka zo ka ce mu yi shiru?"

"Wahalarku ce ta ɓoye ta. Ku kashe baburan nan. Kai, je ka bakin rijiyar can ka tsaya. Kai da kai, ku bi bakin kwari ku jeru, kowa yana hango ɗan uwansa. Kada wanda ya shiga dawa, kada wanda ya yi tari. In kun ga abu ya motsa, ku ɗaga hannu kawai."

Ban taɓa cewa ɗan sa kai ba shi da amfani ba. Kare ɗaya ba zai tsare rijiya da kwari ba, ni ma ba zan iya ba. Amma amfaninku yana inda ba ku so: tsayuwa wuri ɗaya, baki a rufe, ba mai ɗaukarku hoto. In faɗi gaskiya, yaran Masanawa sun yi. Gari ya yi tsit har ana jin kukan kurciya.

Kusa da gida ba abin da ya rage, an tattake shi kamar filin ƙwallo. Na kaɗa toka, iska daga gabas take. Na fita da Ƙyale-su can wajen inda ƙafafu suka ƙare, na buɗe kwano ta cusa hanci, na rufe, muka fara zagaye mai faɗi. A wata 'yar kafa da awaki suke bi ta ƙarƙashin shingen gonar rogo, wutsiyarta ta miƙe, igiya ta yi nauyi a hannuna. Muka faɗa dawa. Wanda bai taɓa shiga dawa a wannan lokacin ba bai san zafi ba: ba iska, ganye yana yankar fuska, ba ka ganin komai sai kara. Ƙararrawa kawai nake bi. Muka ɓulla wata 'yar hanya inda wani ya tsaya da babur fetur ya ɗiga, nan ta rikice. Ta yi atishawa, ta yi nan ta yi can, sai ta ɗauki wata hanya gadan-gadan, wutsiya a sake. Na gane yaudarar, na dawo da ita. Na jiƙa mata hanci, na bar ta ta huta, ni kuwa ina kallon sama tana yin baƙi. Na sake buɗe mata kwano.

Iskar hadari ta taso, dawa ta fara rangaji, ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Sai Ƙyale-su ta ɗaga kai sama, ta buɗe hanci tana shaƙar ɗanyar iskar nan, ta fizge ni zuwa gangare. Na bi ta ina tuntuɓe. Can ƙasa, dab da kwari, ƙararrawa ta yi shiru.

Na tarar da Ƙyale-su kwance a cikin ganyen wake. Sai da na durƙusa sannan na ga ƙafa. Yarinyar tana kife, fuska a ƙasa, hannuwa a kan kunnuwa, tururuwa sun yi mata caa a ƙauri duk sun cije ta. Ta dama da ita ga sawun ƙaton takalmi, ta hagu ga wani, kusa har da mai shi ya miƙa sanda da ya taɓa ta. Sun wuce ta suna kiran sunanta, ita kuwa tana yin abin da uwarta ta ce. Ƙyale-su ta lashi kunnenta. Ta buɗe ido ɗaya, ta dubi kare, ta dube ni, leɓenta duk ya bushe. Da wata 'yar murya ta ce, "Sun tafi?"

"Sun tafi," na ce. Na ba ta ruwan goran kare, don shi ke gare ni.

Kafin mu hau tudu ruwa ya kece, da na waiwaya inda ta kwanta ya zama rafi. Muna ɓullowa samari suka yi kabbara, suka fizge ta daga hannuna suka ɗora a kafaɗa, wayoyi suka fito duk da ruwan. A daren nan hoton ya zaga ko'ina, wai 'yan sa kai sun ceto yarinya. Na ga hoton daga baya, ko wutsiyar Ƙyale-su babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni da Ƙyale-su muka tsaya a wajen danga, inda aka saba barinmu, ruwa yana dukanmu. Ta ƙofa ina hango tsakar gida. Goggo Dije ta rungume jikarta tana kuka, mata suna guɗa, kowa yana son ya taɓa ta. Ramatu tana tsaye a bakin ɗakinta. Yarinyar ta hango ta, ta miƙa mata hannu biyu. Matar nan ta kawar da kai, ta ce wa iska, "A cire mata jiƙaƙƙun kayan nan." Ta shige ɗaki. Na ce a raina, Allah wadan wannan kunya.

Sai ga ta ta fito da ƙwarya. Ba ta aikin yau da kullum ba, farar ƙwarya mai zane, irin ta jeren ɗaki wadda ake kawo mace da ita, cike da kindirmo. Kowa ya ɗauka yarinyar za ta kai wa. Ta wuce yarinyar, ta wuce surukarta, ta wuce mijinta da mazan da suke fake a ƙofa, ta fito cikin ruwa. Ta durƙusa a taɓo a gaban Ƙyale-su, ta riƙe mata ƙwaryar da hannu biyu.

"Ramatu!" Goggo Dije ta daka tsawa. "Ƙwaryar jerenki? A bakin kare?"

"Baƙuwa ce, Goggo. Ta sha rana."

Ƙyale-su tana lasa, ita kuma ta saki hannu ɗaya ta ɗora a kan jiƙaƙƙen kanta tana shafawa, tana shafa kunnen, tana shafa wuya. Ni kaɗai nake kusa, ni kaɗai na ji abin da take faɗa. "Sannu. Sannu 'yar nan. Kin sha wuya. Sannu, kin ji magana." Kafaɗunta suna rawa. Ruwan sama ya rufa mata asiri, ba wanda zai ce ga hawaye ga ruwa. Ni dai na san ba da karyata take ba. Na juya baya na ba ta wuri, don ni ma idona ya cika.

Da nonon ya ƙare ta miƙo mini ƙwaryar, ta ce in tafi da ita, ba mai sake sha a cikinta a gidan. Ƙyale-su ta daɗe da mutuwa, jikokinta ne a turakuna yanzu, amma ƙwaryar tana nan, an ɗinke ta a wuri biyu.

Da na kawo nan la'asar ta yi. Na nuna wa samarin ƙwaryar a rataye jikin rumbu. Na ce, "Kwamanda, ga darasin farko. Karenku tun Kano bai sha ruwa ba. Ɗauko ta ka cika, ka durƙusa a gabansa, ka riƙe masa da hannu biyu har ya ƙoshi."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi dalalar da ke zuba daga bakin karen, ya dubi farin wandonsa. Ya ce lokacin salla ya yi, kuma sai ya sake alwala, amma gobe in Allah ya kai mu za su dawo da wuri. Suka roƙi in riƙe musu karen kafin nan. Babura suka tashi, ƙamshin turare ya bi su.

Goben ba ta zo ba har yau. Ni na sauko da ƙwaryar Ramatu, na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina na riƙe masa. Ya sha, ya sha, ya ɗago ya dube ni, ya sake mayar da kai.